Sawun da Ya Fita Daga Cocin Birkwald

Ba a buga ƙararrawar cocin Birkwald ranar Asabar. Shi ya sa da ta buga sau huɗu a jere, ƙarfe shida saura na safe, Fasto Lienert ya fito da rigar barci yana zaton gobara ce. Bai tarar da kowa a gindin igiyar ba. Da ya zagaya baya sai ga Goggo Otti kwance a ƙasan matakalar ɗakin ajiya, jini ya rine farin gashinta, an naɗe rigar sanyinta an tokare mata kai da ita. Ƙofar ɗakin a buɗe take, akwatin gilashin da ake ajiye tsohon littafin rajistar coci kuma wayam.

Kafin motar asibiti ta tafi da ita rabin gari ya hallara. Dama ranar taro ce. A watan Nuwamban nan na 1988 aka cika shekara ɗari da hamsin da saukar Gottfried Rehbein, tushen zuri'ar, daga jirgin ruwa a ƙasar nan, an kafa rumfuna a filin ƙwallo, mata sun kwana uku suna gasa kek, ana sa ran baƙi ɗari huɗu daga ko'ina.

Goggo Otti ce ta haɗa taron. Tsohuwar malamar makaranta ce, shekararta saba'in da shida, ba ta taɓa aure ba, kuma ta yi shekara goma sha ɗaya tana bin salsalar sunan Rehbein da wasiƙu. Ita ta gano cewa asalinsa laƙabi ne da aka yi wa wani ɗan aike mai siraran ƙafafu a wani ƙauyen Jamusawa a yankin Silesiya, ma'anarsa ƙafar barewa. A ƙidayarta, jikokin Gottfried masu ɗauke da sunan sun kai dubu ɗaya da ɗari da arba'in da uku. Fiye da rabi suna nan kudu, wasu sun bazu gonakin alkama na gabas, kaɗan sun tsallaka Amurka. A Birkwald kanta saura mutum tara, ƙaraminsu ya haura hamsin.

Cikin ƙidayar akwai mutum ɗari biyu da sha biyu da suka jawo rigima. A 1917, ana tsakiyar yaƙin duniya na farko, lokacin da ake rufe makarantun Jamusanci ana sauya wa garuruwa suna, wani jikan Gottfried ya sayar da gonarsa, ya mayar da sunansa Raeburn don ya yi kama da na Ingilishi, ya koma jihar Queensland can arewa. Mutanen da suka zauna suka sha wuyar zamanin da sunansu ba su taɓa yafe masa ba. Goggo Otti ta ce jini jini ne, ta sa zuri'arsa a lissafi, har ta gayyato ɗaya daga cikinsu. Desmond Raeburn ya iso ranar Alhamis, ya sauka a otel ɗin garin, ba wanda ya ce masa sannu da zuwa.

A bakin coci aka fara raɗa cewa an gan shi jiya da yamma yana yawo a maƙabarta. Ewald Rehbein, dattijon coci kuma mai gonar inabin da ta fi kowace girma a kwarin, shi ya faɗa a fili.

"Kakansa ya sayar da sunan. Shi kuma ya zo ya sace abin da ya rage."

Saja Treloar, ɗan sandan garin, ya dubi ƙasar da mutane suka tattake, ya sa a kira masa Benno Stiller.

*

Benno ya yi shekara ashirin a arewa yana ɗana wa karnukan daji tarko, a can wani tsoho ɗan asalin ƙasar ya koya masa karanta ƙasa. Tun da ya dawo gida yake kama zomaye da diloli a gonakin mutane, 'yan sanda kuma sukan neme shi idan tumaki suka ɓace ko wani tsoho ya yi ɓatan kai a daji. Mahaifiyarsa 'yar gidan Rehbein ce, ƙanwar mahaifin Ewald, amma ba ya cikin ƙidayar tunda ba sunan yake ɗauke da shi ba, kuma abin bai taɓa damunsa ba.

Bai ɓata lokaci a gindin matakala ba, don ƙafa arba'in ta bi ta wurin. Ya ja baya ya yi babban zagaye ta gefen maƙabarta, hannayensa a baya, Saja na biye da shi yana haƙi. An ɗan yi yayyafi kafin asuba, wannan ya taimaka. Ya nuna wa Saja sawun takalmin birni mai santsin ƙasa wanda ɗigon ruwa ya tsattsaga, ya ce na jiya ne. Sannan ya nuna masa wani, na babban takalmin roba irin na gona, gefensa tsaf ba ɗigo ko ɗaya, dugadugin hagu yana da tsaguwa. Wannan ya zo bayan ruwa, ya koma bayan ruwa, kuma a komawar ya fi nitsewa ta ɓangaren dama, kamar mai shi ya rungumo abu mai nauyi.

Saja ya ce duk da haka zai fara ganin baƙon. Sawun jiya bai hana mutum ya dawo yau ta kan tsakuwa ba.

Sun sami Desmond Raeburn a bayan otel yana goge gilashin motarsa, inda wani ya rubuta masa "maci amana" da farin fenti. Dogo ne, ɗan shekara arba'in da huɗu, manomin rake, rana ta ƙona masa wuya. Bai musa zuwa maƙabarta ba, ya ce kabarin kakan kakansa ya je gani, ko shi ma sai da izini? Da safen nan kuwa ya fita ya taka bakin rafi shi kaɗai, bai haɗu da kowa ba.

Saja ya tambaye shi me ya kawo shi garin da ba a son shi. Ya shiga ɗaki ya ɗauko wasiƙa. Layi biyu ne da rubutun Goggo Otti: ya zo, akwai shafi ɗaya da ya kamata ya gani da idonsa kafin ta mutu. Sun yi da ita za ta nuna masa yau da tara na safe.

"Wane shafi?" in ji Saja.

"Da na sani da ban yi tuƙin kwana uku ba."

Ya ce iyayensa sun rasu tuntuni, da tsufansu suka same shi, shi kaɗai, kuma ko sau ɗaya ba su taɓa yi masa zancen kudu ba. Yana magana yana murza bayan kunnensa da babban yatsa. Benno ya tsaya yana kallon hannun. Ya san ya taɓa ganin wani yana yin haka, amma ya kasa tuna ko wane ne.

A hanya Saja ya ce wasiƙar ma hujja ce a kansa, tunda ta nuna ya san da littafin. Benno ya ce su bi takalmin robar tukuna.

*

Sawun ya ratsa maƙabarta, ya tsaya a wuri ɗaya. Dutsen tunawa ne na Conrad Rehbein, wan Ewald, wanda ya tafi yaƙi a 1943 aka kashe shi a dajin New Guinea, ko gawarsa ba a kawo ba. A gaban dutsen akwai gurbin gwiwa biyu. Daga nan sawun ya bi ta ƙarƙashin shingen waya, ya shiga tsakanin layukan inabi, ya ɓace a inda bututun ban ruwa ya fashe ya mayar da ƙasa taɓo, ya sake bayyana can gaba, ya miƙe har ƙofar bayan gidan Ewald.

Takalman suna jingine a baranda, an wanke su, ruwa bai gama bushewa ba. Benno ya kifa na hagu. Ga tsaguwar.

Ewald ya fito da kayan coci a jikinsa, ya ga abin da ke hannun Benno, fuskarsa ta yi ja.

"Ɗan goggo, yau kuma warin takalmina kake bi? Zomayen sun ƙare ne?"

"Naka ne?"

"Duk kwarin nan an san nawa ne. A nan suke kwana, ko kare zai iya ɗauka."

Suka zauna a kicin. Selma, matar Ewald, ta zuba musu kofi ta yanka kek, ba wanda ya taɓa. Ewald ya ce tun biyar yana kan tarakta a gonar tudu yana feshi, da takalmin fata, ya ji ƙararrawa daga can. Ba mai shaida sai tarakta. Saja ya tuna masa cewa ranar Alhamis, a gaban Fasto, ya ce wa Goggo Otti gara ya ga an ƙona littafin da ya ji an karanta sunan Raeburn a cikin coci. Ewald ya ce ya faɗa, yanzu ma zai maimaita, amma ƙanwar mahaifinsa ce, ita ta koya masa karatu, ya za a yi ya ɗaga mata hannu? Ya buga tebur ya ce abin a fili yake: baƙon ya ji labarin rigimar, ya lallaɓo ya ɗauki takalman don a ɗora masa.

Selma tana tsaye a jikin murhu, hannayenta cikin aljihun rigar girki. Abu ɗaya ta tambaya, ko Otti ta farfaɗo. Saja ya ce har yanzu, likita ya ce ƙashin kai ya tsage, sai an ga yadda yau za ta wuce. Ta juya ta ci gaba da goge murhun da ba shi da datti.

A waje Saja ya ce maganar Ewald ta kama hankali. Ya fi masa sauƙi ya yarda baƙo ya yi makirci da ya yarda dattijon coci ya fasa kan goggonsa. Kuma an gaya masa maza sun fara taruwa a gaban otel, sun sha giyar da aka tanada don taro. Ƙarfe biyar zai ɗauke Desmond ya kai shi birni, don tsaron lafiyarsa da kuma tuhuma.

"Ba ni zuwa huɗu," in ji Benno.

*

Abin da ya tsaya masa a rai tazarar takun ce. Ewald dogo ne, Desmond ma haka, mai wannan sawun kuwa gajeren taku yake yi, dugadugai suna ja a ƙasa. Kuma dogon mutum tsallake shingen nan yake yi, ba ya rarrafawa ta ƙarƙashi. Ya san Saja zai ce mai ɗauke da kaya dole ya rage taku, don haka bai faɗa ba. Ya koma shi kaɗai inda sawun ya ɓace.

Rana ta ɗaga, ruwan da ya kwanta da safe ya janye. Ya bi layin inabin a tsugune, yana ɗaga ganye ɗaya bayan ɗaya. A gindin kurangar inabi ta goma sha ɗaya ya ga rami mai zurfi inda takalmin dama ya kafe a taɓo. Taku ɗaya gaba da shi, a ƙarƙashin ganye, ga sawun ƙafa. Takalmin ya maƙale, ƙafar ta zare ta sauka da safa. Har saƙar safar ta fito a jikin taɓon. Ya ɗora tafin hannunsa a gefe, da kaɗan ƙafar ta fi shi tsawo, kuma gindin babban yatsan ya kumbura ya karkace waje.

Benno ya zauna a ƙasa. Ya san ƙafar. Shekara shida da suka wuce, lokacin da matarsa Irma take jinyar ajali, mai wannan ƙafa ta yi wata biyu tana zuwa kullum da safe, ta cire takalmi a bakin ƙofa don kada ƙara ta tashi mara lafiya, ta yi mata wanka, ta juya ta, ta bar masa abinci a rufe. Ita ta rufe wa Irma ido.

Ya daɗe a wurin. Tunaninsa ya koma kan gurbin gwiwa a gaban dutsen Conrad, daga nan sai ya tuna inda ya san murza bayan kunne: ɗabi'ar Conrad ce. Yana ɗan shekara goma sha biyar lokacin da aka yi wa Conrad rawar ban kwana a zauren coci, ya ga wadda Conrad ya yi ta rawa da ita har aka tashi. Ya kuma tuna cewa bayan labarin mutuwar ya iso, an ce yarinyar ta tafi Adelaide jinyar wata innarta, ta yi wata bakwai. Ya lissafa shekarun da yatsu, suka zo daidai.

Taɓon yana da laushi, tafin hannu ɗaya ya isa ya shafe komai. Ya ɗaga hannun, ya riƙe shi a sama. Can ƙasa, ta wajen otel, ya ji an fasa kwalba, wasu suna dariya. Ya tashi ya samo tsohon bokiti a bakin shinge, ya kifa a kan sawun, ya ɗora dutse.

Ya biya ta gidan Fasto ya tambaye shi abin da ke cikin littafin. Fasto ya ce haihuwa da baftisma da aure da mutuwa, tun daga Gottfried har 1950, amma da tsohon rubutun Jamusanci ne mai ƙugiyoyi, shi kansa ba ya iya karantawa. Tsohon faston wancan zamani yana da ɗabi'ar yin ƙarin bayani a gefen shafi. A garin nan mutum biyu suka rage masu karanta hannunsa, Goggo Otti da Selma.

*

Ƙarfe huɗu suka haɗu a zauren coci: Saja, Fasto, Ewald da Selma a benci ɗaya, Desmond can gefe da tsagaggen leɓe, don wani ya jefe shi da kwalba a hanya. Mutane sun cika harabar. Benno ya rufe ƙofa, ya ja labulen tagogi.

Ya yi magana a hankali, idonsa a ƙasa kamar can yake karantowa. Ya ce ba a fasa ƙofar ɗakin ajiya ba, Goggo Otti ce ta buɗe da makullinta. Wanda ya zo ya same ta ba ɓoyewa ya yi ba, ta tsakiyar hanya ya bi, don ya saba zuwa. Sun tsaya a saman matakala. Abin da ya faru a nan ƙasa ba ta nuna ba, amma bayan ta faɗi, mutumin ya cire mata rigar sanyi ya tokare mata kai, ya ruga ya buga ƙararrawa don a zo a cece ta, sannan ya ɗauki littafin. Ɓarawon da ya zo daga nesa ba ya kiran gari a kan kansa.

Ewald ya ce wannan duk surutu ne, a faɗi suna.

Benno ya ce takalman na Ewald ne, amma ƙafar da ke ciki ba tasa ba ce, ba kuma ta Desmond ba. Ya faɗi abin da ke ƙarƙashin bokiti a layin inabi, ya nuna tsawonsa da hannu. Ya ce mai ƙafar ya durƙusa a gaban dutsen Conrad da littafin a ƙirjinsa.

"Iyakar abin da ƙasa ta gaya mini ke nan. Ba ta faɗin dalili, ni ma ba zan ƙirƙira mata ba."

Saja ya dubi agogo, ya ce shi ba zai tsare sawu ba, mutum zai tsare. In ba wanda zai yi magana, zai tafi da Mista Raeburn kamar yadda ya tsara, a tantance sauran a birni. Ya miƙe, ya dafa kafaɗar Desmond.

"Sake shi, Saja."

Selma ce. Ba ta tashi ba, hannayenta suna kan cinyarta.

"Littafin yana cikin tandun burodi a bayan gidana. Na haɗa itace, na kasa ƙyasta ashana."

Ewald ya juyo gaba ɗaya yana kallonta. Ita kuwa bangon gabanta take kallo, ta ba da labarin da murya ɗaya ba hawa ba sauka. Tana da shekara goma sha takwas, sun yi alkawari da Conrad, ya tafi bai san tana da ciki ba. Mahaifinta da tsohon fasto suka kai ta wani gida a Adelaide. Kwana tara ta yi da jaririn. Tsohon faston ya san wasu dangin Conrad a Queensland da ba su taɓa haihuwa ba, masu sunan da ba wanda zai bi sawunsa daga Birkwald, aka ba su yaron. Ya yi wa yaron baftisma kafin a tafi da shi, ya rubuta a gefen shafi. Ba ta san ya rubuta ba sai daren Alhamis, da Otti ta gaya mata cewa a duk ƙidayarta mutum ɗaya ne ya ƙi zama a gurbinsa, ta bi shi har ta gano. Otti ta ce ba za ta faɗa wa taro ba, amma shi mai abin yana da haƙƙin sani. Yau da safe ita Selma ta je ta roƙe ta kada ta nuna masa shafin, ta durƙusa mata. Otti ta ƙi. Ta kama littafin, Otti ta riƙe, suka ja, hannun Otti ya suɓuce.

"Ban tura ta ba. Amma da ban ja ba, da ba ta faɗi ba."

Desmond ya tambaya wane yaro ake nufi, duk da fuskarsa ta nuna ya riga ya sani. A lokacin ne ta dube shi, karo na farko tun da ya shigo garin.

"Johannes na sa maka. Tun safe nake jin suna cewa za su fasa maka kai, ina tsaye a kicin ina yanka kek."

Shekara arba'in da ɗaya Ewald da Selma suna tare, 'ya'yansu mata biyu, kuma ba taron da ba ya kukan cewa sunan zai mutu a gidansa. Ya tashi, ya ɗauki hularsa, ya fita ta ƙofar baya. Desmond ya zauna a benci ya sa kansa tsakanin hannayensa. Saja ya ce wa Selma, cikin ladabi, ta ɗauko jakarta.

Da za ta wuce ta tsaya a gaban Benno. Ya kasa ɗaga ido.

"Ka iya aikinka, Benno," ta ce. "Da ka shafe shi da ban yafe maka ba."

*

Ba a yi taro ba. Baƙin suka ci abin da aka dafa a tsaitsaye, suka watse da labari iri iri. Waɗanda suka yi jifa a gaban otel ba a sake jin bakinsu ba.

Goggo Otti ta buɗe ido ranar Talata. Hannunta na hagu ya mutu, maganarta tana ja, amma hankalinta garau. Da Saja ya zo ɗaukar bayani ta ce santsin matakala ne ya kwashe ta, littafi kuma ita ta ba Selma aro. Ya ce Selma ta riga ta faɗi akasin haka da bakinta. Ta ce Selma tun tana aji uku ba ta iya ba da labari daidai ba, ya rubuta abin da malama ta faɗa. Saja ya rubuta duka biyun ya aika birni, aka sallami Selma ta jira a gida.

Desmond ya je asibiti sau ɗaya, Goggo Otti ta karanta masa shafin, layi uku ne. Daga nan ya kulle kansa a otel. Ranar Alhamis da yamma ya sami Benno yana gyaran tarkuna, ya ce gobe da sassafe zai kama hanya. Yana da uwa, ya binne ta a Queensland, bai san me zai ce wa wata ba. Ya tambaya ko mutumin nan Conrad yana da kirki. Benno ya ce yana da saurin fushi, yana da kyauta, kuma bai iya waƙa ba amma ba ya bari. Desmond ya yi ɗan murmushi, suka yi musabaha.

Washegari Benno ya fito duba tarkunansa da hantsi. A mararrabar bayan gari, inda hanyar ƙasa ta haɗu da kwalta, ya ga sawun tayar motar Desmond. Ta zo har bakin kwalta ta tsaya, ta daɗe, don man inji ya ɗiga ya taru a wuri ɗaya. Sannan ta yi baya, ta juya hagu.

Bai yi niyyar bi ba, amma hanyarsa ce. Motar tana ajiye a bakin shingen gidan Ewald. Mutumin ya sauko, ya yi ta kai da komo a gaban ƙofar shingen, ya kai sau goma, bai taɓa ta ba. Daga cikin gida wani ya taho, dogon taku irin na Ewald, da silifas, ya tsaya ta ciki. Sun fuskanci juna har ƙafafunsu suka nitse a ƙura. Daga nan ƙasan ƙofar ya share rabin da'ira, alamar an buɗe ta, sawu biyu suka nufi gidan, mai silifas a gaba.

Benno ya gyara buhunsa a kafaɗa ya wuce gonar tudu, inda diloli suka dami kajin mutane.